Tambayoyi da amsoshi kan yadda asid ɗin wanki ke cin ƙarfen sitenles a masana'antun Legas

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga bakin masu wanke tankuna da bututu a masana'antun Ikeja, Apapa, Ilupeju da Ikorodu, da masu walda na Agege da Owode Onirin, da masu kula da injinan fiya wata da na lemo da madara. Alƙaluman da ke ƙasa na fara aiki ne. In kamfanin da ya ƙera injinka ya rubuta nasa awo, nasa za ka bi.

An ce mana wannan ƙarfe ba ya tsatsa. Me ya sa yake yin ja ko ya huje bayan an wanke shi da asid?

Sitenles baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Kuromiyom ɗin yana haɗuwa da iskar oksijin ya shimfiɗa wata siririyar fata a saman ƙarfen. Kaurinta 'yan nanomita ne kawai, ido ba ya ganinta, amma ita ce duk kariyar da ƙarfen yake da ita. In an karce ta tana sake rufuwa da kanta, muddin wurin yana da tsabta kuma iska tana isa gare shi.

Asid ba iri ɗaya ba ne a wurin wannan fata. Wani yana ƙara mata ƙwari, wani yana narkar da ita gaba ɗaya, wani kuma ya huda ta a ɗigo-ɗigo ya bar sauran tana ƙyalli. Abu huɗu ne ke yanke hukunci: irin asid ɗin, yawan kulorayid (sinadarin da ke cikin gishiri) da ke cikin ruwan, zafin ruwan, da tsawon lokacin da ya zauna a kan ƙarfen. Galibin ɓarnar da ake gani a Legas daga kulorayid take, ko dai na cikin asid ɗin, ko na ruwan da aka sirka shi da shi.

Wane asid ne bai kamata ya taɓa sitenles ba ko kaɗan?

Haidurokulorik. Shi ne wanda ake samu a jarka a kasuwar kemikal ta Ojota da shagunan kayan gini, mai ɗan launin rawaya, wanda yake hayaƙi da zarar an buɗe murfi. Ƙarfinsa yakan kai kashi 30 zuwa 33 cikin 100. Da shi ake wanke tayil bayan gini, kuma yana cikin magungunan wanke masai da yawa. Yana da araha, yana cinye kanta (dattin da ke daskarewa a jikin tanki da bututu) nan take, shi ya sa ɗan kwangilar da ke sauri yake son sa.

Matsalarsa ita ce ya haɗa abu biyu da sitenles ba ya jurewa tare: tsami mai ƙarfi da kulorayid mai yawa. Ko sitenles mai lamba 304 ne ko mai lamba 316, ko an sirka shi ya koma kashi 1 ko 2, yana fasa fatar a wuraren da take da rauni, rami ya fara. Da ramin ya kafu sai ya riƙa ciyar da kansa: kulorayid yana taruwa a ciki, ruwan cikin ramin yana ƙara tsami fiye da na waje, oksijin kuma ba ya shiga balle fatar ta rufu. Kamar ƙwaron wake ne, ƙofar shigarsa ƙanƙanuwa, ciki kuwa an rarake. Saboda haka ɗauraya ba lallai ta tsayar da shi ba. Ranar wankin tanki yana fitowa fes, kowa ya yaba, sai bayan makonni ko watanni a ga ɗigo a gindin tanki ko gefen walda, a ɗora laifin a kan mai walda.

Akwai ƙarin masifa idan akwai tsatsa a cikin layin, misali wadda ta taho daga bututun baƙin ƙarfe ko daga ruwan bohol mai ƙarfe. Haidurokulorik yana narkar da tsatsar ya mayar da ita ferik kulorayid. Wannan sinadari shi ne ainihin abin da ɗakunan gwaji ke jiƙa sitenles a ciki, a kashi 6 cikin 100, idan suna son su huda shi da gangan a gwajin ASTM G48. Wato mai wankin ya haɗa ruwan gwajin huda ƙarfe a cikin tankin ogansa.

Hayaƙinsa ma yana ɓarna. Jarkar da aka bari a buɗe a sito, ko tayil ɗin da aka wanke a ɗakin da akwai tebur da tukwanen sitenles, ya isa ya sa su yi ɗige-ɗige ja cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman da damina da iskar Legas take jiƙe.

Mai sayarwa ya ce ya zuba maganin da ke hana asid cin ƙarfe. Wannan bai isa ba?

Irin wannan magani an yi shi ne domin baƙin ƙarfe, kamar tukunyar tururi. A can yana rage cin da asid ke yi wa ƙarfen baki ɗaya. Ba ya cire kulorayid daga cikin ruwan, kuma ba ya rufe kowane ɗigo na saman sitenles. Wurin da bai rufe ba nan cin yake tattaruwa. Ka nemi takardar bayanin kemikal ɗin, ka karanta abin da ke ciki. In ka ga HCl, wato haidurokulorik, ko aka ƙi ba ka takardar, kada ya shiga layinka.

Ruwan batir fa?

Shi salfurik ne, kimanin kashi 30 zuwa 37 cikin 100, kuma wannan shi ne tsakiyar inda salfurik ya fi cin sitenles. 304 yana jure salfurik ne kawai idan ya sirku ƙwarai, ko kuma ya wuce kashi 90 kuma da sanyi. 316 ya ɗan fi shi haƙuri, amma da an ɗumama ruwan haƙurin ya ƙare. Cin salfurik ba ya ɓuya: ƙarfen yana dushewa ya yi toka-toka, ruwan ya koma kore, kumfar haidurojin tana tashi. Ga shi kuma ba ya wanke farar kanta da kyau, domin yana mayar da samanta kalsiyom salfet, wanda ba ya narkewa, ya lulluɓe sauran. Inda dole sai an yi aiki da salfurik, ana amfani da sitenles mai lamba 904L ko tanki mai rufin roba.

To da me za mu wanke?

Ka fara sanin abin da kake son cirewa. Kankaro kaɗan daga kantar, ka saka a kofin gilashi, ka ɗiga asid. In ta yi kumfa, kalsiyom kabonet ce, asid zai ɗauke ta. In ja ce ko ruwan ƙasa, tsatsa ce. In fara ce mai tauri kamar gilashi kuma ba ta motsa ba, silika ce, kuma babu ɗaya daga cikin asid ɗin da za mu lissafa da zai narkar da ita. Ƙara ƙarfi da zafi ƙarfen kawai zai cutar. In maiƙo ne ko furotin na madara ko sukari da ya ƙone, wannan aikin kostik soda ne, kashi 1 zuwa 2 a zafin digiri 70 zuwa 80 na Salsiyas, kafin a zo maganar asid. Asid da aka zuba a kan maiƙo ba ya isa ga kantar, furotin kuwa dunƙule shi yake yi.

Naitirik shi ne abokin sitenles, domin yana ba fatar oksijin. Masana'antun madara da na abin sha suna zagaya shi a kashi 0.5 zuwa 1, zafin digiri 60 zuwa 65, na minti 15 zuwa 30. Sai dai yana cin tagulla da jan ƙarfe, yana lalata gaskit na robar NBR, kuma idan akwai kulorayid a ruwan, shi ma yana iya jawo ramuka.

Fosforik ya fi sauƙin riƙewa, ba ya hayaƙi. Kashi 3 zuwa 5 a digiri 50 zuwa 60 yana ɗauke farar kanta da tsatsa mara yawa. Ka sayi mai tsabta, domin na takin zamani yana ɗauke da kulorayid da fulorayid.

Salfamik gari ne fari, a buhu. Kashi 5 zuwa 10, kuma zafi kada ya wuce digiri 60. In ya wuce, yana rikiɗewa ya zama amoniyom baisalfet, ka koma matsalar salfurik ba ka sani ba. Ga farar kanta mai kauri, a ganinmu shi ne zaɓin farko.

Sitirik shi ma gari ne, shi ne mafi aminci ga ma'aikaci, kuma ya ƙware wajen kama tsatsa. Kashi 3 zuwa 5 a digiri 60 zuwa 70. Rauninsa shi ne idan farar kanta ta yi yawa, kalsiyom sitiret yana kwantawa ya zama sabon laka a cikin bututu.

Yaya ake lissafin yawan da za a zuba?

Na gari ba wuya. Lita 1,000 na ruwa a kashi 5 yana buƙatar kusan kilo 50, wato buhu 2 masu kilo 25. Na ruwa kuwa sai ka san ƙarfin abin da ka sayo da nauyinsa. Naitirik na kasuwa yakan zo a kashi 68, lita ɗaya tana da nauyin kilo 1.4. In kana son lita 1,000 a kashi 1, kana buƙatar kilo 10 na zallan asid, wato kilo 14.7 na wanda ka sayo, kimanin lita 10.5. Fosforik mai kashi 85, wanda litarsa ta kusa kilo 1.7, yana buƙatar kimanin lita 35 don lita 1,000 a kashi 5.

Ka kuma lissafa ko asid ɗin zai ishi kantar. Kilo 1 na salfamik yana narkar da kusan rabin kilo na kalsiyom kabonet, don haka buhu 2 ɗin nan kanta kilo 25 za su ɗauka, ba fiye ba. Kilo 1 na haidurokulorik na jarka shi ma bai wuce hakan ba, kusan giram 450 yake narkarwa. Sauri kawai ya fi shi da shi. Kowane kilo na kantar da ta narke yana sakin iskar kabon dayoksaid kimanin lita 240. Dole a bar mafitar iska a buɗe, in ba haka ba tiyo ya fashe ko gaskit ya fita, asid ya fesu a fuskar wanda ke tsaye kusa.

Ruwa ake fara zubawa, sannan a tsiyaya asid a kai a hankali ana juyawa. Ba a zuba ruwa a cikin asid.

Ruwan bohol ɗinmu garau yake. Me zai hana mu haɗa asid da shi?

Garau ba ya nufin babu gishiri. Legas a bakin teku da lagun take, kuma a Apapa, Lekki, Ajah, Victoria Island da sassan Amuwo Odofin ruwan gishiri yana kutsawa cikin rijiyoyi marasa zurfi. Ruwan teku yana ɗauke da kulorayid kimanin miligiram 19,000 a lita, don haka ɗan kutsen da harshe ba zai ji ba ya isa ya kai ruwanka ɗaruruwa. Ruwan tanka ma ba ka san inda aka ɗebo shi ba.

A ruwan da ba shi da tsami kuma ba zafi, ana ɗaukar 304 zai jure kulorayid har miligiram 200 a lita, 316 kuma har kusan 1,000. Da zarar an sa asid an ɗumama, waɗannan iyakoki sun faɗi ƙasa sosai. Ruwan haɗa asid da na ɗauraya ta ƙarshe kada ya wuce miligiram 50 a lita. Mai injin RO, wato injin da ke tace gishiri daga ruwa, ya yi amfani da ruwan da ya fito daga gare shi. Ƙaramar mitar TDS da ke hannun masu fiya wata ba kulorayid take aunawa ba, jimillar gishiri take nunawa, amma in ta nuna ɗaruruwa to alama ce a kai ruwan gwaji. Akwai takardun tsomawa na auna kulorayid, kuma ɗakin gwajin ruwa zai yi maka shi cikin sauƙi.

In kana zargin an gauraya maka fosforik ko naitirik da haidurokulorik, ka sirka kaɗan da ruwa mai tsabta, ka ƙara ɗigon naitirik mai kyau, sannan ka ɗiga silba naitiret. In farin gajimare mai kauri ya tashi, akwai kulorayid.

Wane tsari ake bi daga farko zuwa ƙarshe?

Ka bi layin da ƙafa tukuna, ka ware duk abin da ba sitenles ba: bawul na tagulla, bututun galbanaiz, alminiyom, mitoci. Ka duba reshen bututu da aka toshe ƙarshensa, domin nan asid ke maƙalewa ɗauraya ba ta kai gare shi. Sai a kora da ruwa, a zagaya kostik in akwai maiƙo, a ɗauraye har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya dawo kusa da 7, inda ba asid ba kostik.

Daga nan a zagaya asid. Zagayawa, ba jiƙawa ba: gudun ruwa a cikin bututu ya kai mita 1.5 a daƙiƙa. Kowane minti 15 ko 20 a auna pH da zafi, a rubuta. Muddin pH yana hawa kuma kumfa tana fita, asid yana cin kanta. Da pH ya tsaya wuri ɗaya sau biyu ko uku a jere kuma kumfa ta mutu, aiki ya ƙare, duk mintin da aka ƙara ƙarfe ne yake biya. A kula da ma'aunin zafi, domin ƙarin digiri 10 yana iya ninka saurin cin, kuma famfo da kansa yana ɗumama ruwan da ya daɗe yana juyawa.

A zubar nan take, a ɗauraye da ruwa mara gishiri har pH ɗin ruwan da ke fita ya yi daidai da na wanda ke shiga. A buɗe kowane bawul da magudanar ƙasa yayin ɗaurayar. A tsiyaye ruwan duka, a bar iska ta shiga. Ruwan da aka bari ya bushe a gindin tanki yana tattara gishirinsa a wuri ɗaya.

In an ɗauke wuta ana tsakar zagaya asid fa?

Kada a fara wankin sai janareto yana da mai kuma an san zai ɗauki famfon. In duk da haka famfo ya tsaya kuma ba zai tashi cikin rabin awa ba, a buɗe magudana a sauke asid ɗin cikin duro na roba, a kora ruwa. Asid da ya tsaya cik yana rasa oksijin, laka ta kwanta a ƙasa, ƙarƙashinta rami ya fara. Al'adar cika tanki da asid ranar Juma'a da yamma a ce sai Litinin ta kashe tankuna da yawa.

Ta yaya zan gane irin ɓarnar da ta samu ƙarfena?

Ka ɗauki tocila mai haske ka haska ta a kwance da jikin ƙarfen, ba kai tsaye ba.

In ka ga ƙananan ɗigo baƙaƙe kamar tsinin allura, wasu da jan zobe ko jan hawaye yana gangarowa daga gare su, ramukan kulorayid ne. Ka sa tsinin allura, za ka ji ta shige. In ɓarnar tana ƙarƙashin gaskit, ko wasa, ko inda faranti biyu suka haɗu, ko ƙarƙashin sitika, cin lungu ne: ruwa ya shiga matsi ya kasa fita, kuma wannan yana farawa a zafi da gishirin da bai kai na ramuka ba.

In tsaga ce siririya mai rassa, yawanci kusa da walda ko inda aka lanƙwasa bututu, kuma kayan yana aiki a zafin da ya wuce digiri 60, to kulorayid da zafi da ɗaurewar ƙarfe ne suka haɗu. Ita ce mafi muni, domin ƙarfen yana nan da kaurinsa, amma ya tsage har ya ratsa. Jan ruwan gwajin tsaga da ake fesawa a goge, a bi da farin hoda, yana fito da ita.

In cin ya bi layi biyu a gefe da gefen walda, 'yan milimita daga ɗinkin, zafin walda ne ya jawo. Tsakanin digiri 425 da 860, kabon yana kama kuromiyom, ya bar gefen ba kariya, asid ya bi nan. Saboda haka aka yi 304L da 316L, waɗanda kabon ɗinsu bai wuce kashi 0.03 ba.

In kuma jan yana sama-sama ne, ka goge ya fita ƙarfen yana lafiya, tsatsar aro ce: ƙurar garanda daga aikin baƙin ƙarfe, ko buroshin waya na baƙin ƙarfe, ko soson ƙarfe. Tana da sauƙin magani, amma in an bar ta ƙarƙashinta yana zama rami.

Maganaɗisu bai kama ba. Ba shi ke nan 304 ne ba?

A'a. Maganaɗisu yana ware sitenles mai lamba 430 ne, wanda ba shi da nikel. 201, wanda aka rage masa nikel aka cika da manganis, shi ma ba ya kama maganaɗisu, kuma yana cika kasuwa saboda araharsa. A ido ba ka raba shi da 304, amma a asid da iskar teku ya fi saurin lalacewa. 304 kansa yana ɗan kama maganaɗisu inda aka lanƙwasa ko aka matse shi.

304 yana da kuromiyom kashi 18 da nikel kashi 8. 316 yana da ƙarin molibdinom kashi 2 zuwa 3, kuma shi ne ke ƙara masa juriyar kulorayid. Akwai ruwan gwaji na ɗigawa da ke nuna molibdinom ko yawan manganis, amma don babban aiki a kira masu bindigar XRF, cikin daƙiƙoƙi za ta karanto abin da ke cikin ƙarfen. Inda ruwa yake da gishiri kuma da zafi, 316 ma ba ya isa; sai sitenles irin dufles 2205 ko taitaniyom.

Na'urar musayar zafi mai faranti ta fara haɗa ruwa biyu bayan wanki. Me ya faru?

Farantan nan kaurinsu milimita 0.4 zuwa 0.6 ne kawai, kuma kowane yana da lungun gaskit da ɗaruruwan wuraren da yake taɓa maƙwabcinsa. Ramin da tanki mai milimita 3 zai ɗauka shekaru, a nan yana ratsawa da wanki ɗaya. A kwance na'urar, a haska kowane faranti daga baya a ɗaki mai duhu, ko a yi gwajin jan ruwa, a canja waɗanda suka huje. Idan na'urar irin wadda aka like da jan ƙarfe ce, ba ta kwancewa, kuma naitirik yana cinye likin. Ita fosforik kashi 5 ko sitirik ake ba ta, a tura ruwan ta hanyar da ta saɓa wa yadda yake bi kullum.

Muna kashe ƙwayoyin cuta da bilic bayan wankin asid. Akwai laifi?

Akwai, in ba a ɗauraye asid ɗin tas ba. Bilic da asid suna sakin iskar kulorin, wadda take shaƙe mutum a cikin tanki kuma take huda sitenles da sauri, har a saman tankin inda ruwa bai kai ba. In dole ne, a tabbatar pH ya dawo 7, a sa kulorin kada ya wuce miligiram 200 a lita, da ruwan sanyi, na minti 10 zuwa 20, a ɗauraye. Ferasetik asid ko ruwan zafi sun fi sauƙi a kan ƙarfen.

Mene ne amfanin man goge walda da kuma jiƙawar da ake yi bayansa?

Launin shuɗi da ruwan ƙasa da ke gefen sabuwar walda ba ado ba ne. Ƙarƙashinsa kuromiyom ya ragu, kuma nan asid ɗin wanki zai fara ci. Man goge walda haɗin naitirik ne da haidurofulorik. Yana cire launin tare da siririn ƙarfen da ya raunana. Ana shafa shi a kan walda mai sanyi, ba a cikin rana ba, a bar shi gwargwadon abin da aka rubuta a jikin roba, a wanke kafin ya bushe.

Jiƙawar da ke biyo baya tana cire ɓurɓushin baƙin ƙarfe ta taimaki fatar ta ginu. Ƙa'idar ASTM A967 ta ba da hanyoyi da dama. Biyu da suka fi sauƙi: naitirik kashi 20 zuwa 45 a digiri 21 zuwa 32 na aƙalla minti 30, ko sitirik kashi 4 zuwa 10 a digiri 49 zuwa 60 na aƙalla minti 10. A ɗauraye, a busar, a bar shi a iska kwana ɗaya ko biyu. Gwaji mai sauƙi: a shimfiɗa farin ƙyalle jiƙe da ruwa mai tsabta a kai, a bar shi ya kwana. In ya tashi da jan tabo, akwai sauran ƙarfen aro.

An kawo mana sabon kemikal. Yaya za mu gwada shi kafin mu zuba a injin?

Ka yanko guntun ƙarfe irin na injinka, santimita 5 da 5, gara mai walda a jiki. Ka wanke, ka busar, ka auna a sikelin da ke karanta miligiram. Ka ɗaura masa robar ɗaure kuɗi don ta yi masa lungu, ka jiƙa shi a ƙarfi da zafi da lokacin da za ka yi aikin. Sai ka sake aunawa. Saurin ci a milimita a shekara shi ne 87.6 sau miligiram ɗin da ya ragu, a raba da 7.9 sau faɗin jikinsa a murabba'in santimita sau awoyi. Guntun da fuskokinsa biyu suka kai 50, ya rasa miligiram 10 a awa 6, ya ba da 0.37. Ƙasa da 0.1 ake so. Amma sikeli ba ya ganin rami, don haka ka duba da gilashin ƙara girma, musamman ƙarƙashin robar. Rami ɗaya ya isa a mayar da kemikal ɗin.

An riga an wanke da haidurokulorik. Akwai abin da za a ceto?

In yanzu aka yi, a sauke shi, a kora ruwa mai yawa, a zagaya soda ash kashi 1 zuwa 2, a sake ɗaurayewa, a kwance gaskit da bawul a wanke lungunansu da hannu, sannan a yi jiƙawar naitirik ko sitirik. Ramuka marasa zurfi a gurje su har gindinsu da sabon faifan garanda wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba. Masu zurfi a gurje a cike da sandar 316L, da iskar agon a bayan waldar, a bi da man gogewa. Walda a kan ramin da ba a gurje ba tana rufe kulorayid a ciki. Tsaga mai rassa kuwa ba ta gyaruwa da ɗinki. Sai an yanke sashen an sa sabo.

Ina za mu kai ruwan da aka gama da shi, kuma me ma'aikaci zai sa a jikinsa?

Ba a sakin sa a kwata da tsaminsa. A tara shi a tankin roba, a riƙa barbaɗa soda ash ko farar ƙasa kaɗan-kaɗan saboda kumfa, har pH ya shiga tsakanin 6 da 9. Kilo 10 na zallan naitirik yana cin soda ash kusan kilo 8.4. A bar lakar ta kwanta a kwashe ta daban, domin tana ɗauke da kuromiyom da nikel, musamman ta man goge walda. Hukumar LASEPA ce ke sa ido kan ruwan da masana'antu ke fitarwa a jihar Legas, NESREA kuma a matakin tarayya.

Ma'aikaci ya sa tabarau mai rufe gefe da garkuwar fuska, dogon safar hannu ta kemikal, atamfar roba da takalmin roba. Tiyon ruwa ya kasance a buɗe kusa da shi. In asid ya taɓa fata ko ido, a kwarara ruwa na aƙalla minti 15, a cire tufafin da suka jiƙe, a tafi asibiti. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767. Ba a shiga tanki sai an busa masa iska, an auna oksijin, kuma akwai mutum a bakin ƙofa. Abu biyu suna yaudara. Haidurofulorik yana iya shiga fata ba a ji zafi ba sai bayan awoyi, don haka ba a buɗe man goge walda sai akwai man kalsiyom gulukonet mai kashi 2.5 a wurin. Jan hayaƙin naitirik kuma yana iya barin mutum ya koma gida lafiya, cikin dare huhunsa ya cika da ruwa. Duk wanda ya shaƙe shi a kai shi asibiti a ranar, ko da ya ce ba ya jin komai.